Babbar Riga a Kan Lilo

Tsarin da na yi wa tafiyarmu wurin wasan yara a Sakkwato ba shi da aibi, har yau ina kan bakana. Tun daga Illela na raba 'ya'yana bisa shekaru: manya su hau babban lilon nan mai cilla mutum sama, auta Nana kuma dokin roba ya ishe ta.

Da muka isa, Nana ta kafe sai babban lilo. Uwarta ta ce a hana ta. Na ce mutumin da ya tsufa yana ratsa hanyar Konni da buhuna a bayan babur ba a hana 'yarsa lilo. Ni zan riƙe ta.

Na hau da babbar rigata ta Sallah. Juyin farko hulata ta kama gabanta. A na biyu iska ta kifa mini rigar a kai, duniya ta yi duhu. Sai na ji wani ƙato yana kwarara kalmar shahada, yana roƙon kowa ya yafe masa. Muryar ta yi kama da tawa.

Nana ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, mi ya same ka? Bar tsoro, ina riƙe da kai."

Babbar 'yata tana ƙasa da waya a hannu. Kafin mu dawo gida, bidiyon ya tsallaka iyaka ba ko takarda.

Yanzu duk sanda na tada babur, sai 'yan kabu-kabu sun tambaye ni cikin ladabi: "Alhaji, kai kaɗai za ka? Ina Nana?"