Jan Tsuntsun Bayan Gidana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa sufeton makarantu ya tsugunna a bayan zana. Lokacin ina ƙaramin malami a wata firamare a Makera, Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma ni a ganina duk kudancin kogin Kaduna babu mai ilimina.

A gwanjon kayan wani Baturen reluwe na ga littattafan tsuntsaye guda biyu. Ɗaya siriri ne, duk rubutu. Ɗayan ƙato, da hotuna masu launi. Ko buɗe siririn ban yi ba (yaya za a ga malami da littafin da ba ya cika hannu?). Ƙaton na saya. Daga nan kullum da safe sai in watsa gero a bayan gida, in zauna bakin taga ina gwada baƙina da hotuna. Ba sa yin daidai, amma nakan tilasta musu. Kurciya kaɗai sai da na raɗa mata suna uku.

Wata safiya wani ɗan tsuntsu ya shigo ta rariya, ja wur tun daga kai har wutsiya, ya ci gerona ya fice. Na bi littafin shafi-shafi, babu shi. Mai hankali zai zargi littafin. Ni kuwa na yanke cewa na gano tsuntsun da Turawa ma ba su sani ba.

A makon ne sufeto zai zo, kuma rahotonsa ne zai nuna malamin da za a tura kwas ɗin ƙarin ilimi. Wannan kwas ina son sa kamar raina. Da na ji sufeton Bature ne, kuma mayen tsuntsaye, sai na tare shi da labarin a gaban hedimasta. Washegari da sassafe ga su a gidana su biyu, muka tsugunna a bayan zana, sufeto riƙe da madubin hangen nesa.

Tsuntsuna bai ba ni kunya ba, ya shigo a kan lokaci. Na dubi hedimasta ina hura hanci. Sai na biyu ya shigo. Sai na uku. Sai wata kaza ta kutso tana kiran su. Kafin in haɗiye yawu, maƙwabciyata Iya Saratu, mai tuyar ƙosai, ta leƙo ta kan danga, hannayenta jajur har wuyan hannu.

"Malam, ashe nan 'ya'yan zabina suke karin kumallo? Allah ya saka."

"Iya, zabi kuma? Ja?"

"Galura na shafa musu mana, don kada shirwa ta ɗauke. Kazar ce ta ƙyanƙyashe min su. Kai ba a kiwo a gidanku?"

Hedimasta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Sufeto ya karɓi littafina ya duba shafin farko, ya ce da Hausarsa ta Turawa, "Malam, wannan tsuntsayen Ingila ne." Wallahi na so in bi zabin nan ta rariya.

Amma ga inda nake yaba wa kaina. Ban gudu ba, ban kuma yi musu ba. Na nuna wani ɗan mitsitsi a kan danga na ce, "To Iya, wancan fa?" Ta ce baiwar Allah ce. Mai saƙa a kan bishiya gado ne, mai dogon baki cilakowa. Na ɗauko fensir a gabansu na fara rubutawa.

Kwas dai wani aka tura, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Sai dai kafin damina ta fita na cika littafin rubutu biyu da sunaye da zane daga bakin Iya, kuma da su malaman makarantarmu suka yi shekaru suna koyarwa. Har yau ina alfahari da su.

Abin da na koya: in ka gano abin da duniya ba ta sani ba, fara tambayar tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai. Wataƙila ita ta rina shi.