Bayan Rigar Malam Dogara

Ba zan taɓa mantawa da rigar Malam Dogara ba, ko na so in manta mutanen Makarfi ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, shekarar da samarinmu suka fara dawowa daga yaƙin Bama da manyan takalma. Lokacin ina ganiyar ƙuruciya, sana'ata ɗinkin manyan riguna, kuma a raina duk ƙasar Zazzau babu mai hannu irin nawa.

Sai dai akwai Habu. Tare muka koyi ɗinki a zaure ɗaya, na ma riga shi iya riƙe allura. Amma in aka zo maganar rigar fita kunya, sunansa ake fara kira, kuma abin yana cina ƙwarai. Abin haushin ma, mutumin nan malalaci ne a ganina. Da hantsi zai shimfiɗa buzunsa ya yi ɗinki, ana kiran azahar ya soke allura a hula, ya ninke aiki, ya tafi fadama shan rake. Ran Laraba kuwa ko zare ba ya taɓawa, sai ya shiga kasuwa yana zazzagawa kamar an ba shi gadinta. Duk da haka rigunansa na fita ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta fi 'yar uwarta kyau. (Na taɓa cewa aljanu ke yi masa. Allah Ya yafe mini, har mutum biyu sun yarda.)

Malam Dogara wani attajiri ne a Gazara, mai injin matse rake da doki ke ja, mazarƙwailarsa har Kano take zuwa. Zai aurar da babban ɗansa, yana son farar riga mai adon aska takwas, ɗinkin zaren tsamiya. Wajen Habu ya nufa, ina zaune a gefe ina yi kamar ba na ji. Habu ya lissafa da yatsu ya ce, "Ranka ya daɗe, wata uku." Biki kuwa saura kwana arba'in.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wata uku ai na masu shan rake ne. Kawo ta nan, kwana arba'in sun yi mini yawa."

Habu bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. Cewa kawai ya yi, "Ɗan'uwa, ka dai riƙa ɗaga kai kana hutar da ido." Na ce masa in na gama zan huta.

A sana'armu, kafin a sa allura sai an zana adon duka a jikin riga da alƙalami da tawada, sannan a bi zanen da zare. Askaken da sauran ado suna gaba, a baya kuma akwai wani babban da'ira da muke kira tambari. Ranar farko na zana gaba da baya, na ninke bayan ciki don kada ya yi dauɗa, na ce wannan aikin kwana uku ne, sai a ƙarshe.

Na faɗa wa aiki kamar mai faɗa da shi. Daga asuba har rana ta faɗi ina duƙe, salla kawai ke tayar da ni. Tuwo a gefen buzu nake ci, da hannu ɗaya. Kullum da azahar Habu zai wuce da karan rake a kafaɗa ya ce, "Sannu da aiki," ni kuwa in ji kamar ya zage ni. Kwana ashirin na yi a haka, har ana zuwa kallona.

Ranar ashirin da ɗaya na ɗauki allura, na kasa zura zare. Ido na ruwa, wuya ya ƙage. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin shi ne na tsani rigar. In na hango ta a kan igiya sai in kau da kai. Na tura ta cikin adaka, na ce gobe. Goben nan sai da ta kai kwana goma sha biyu. Ina kwance a ɗaka, na sa maiɗakina ta riƙa ce wa mutane na tafi Kudan neman zare. Ta katanga nake jin Habu na wucewa yana gaisawa da mutane, ya gama wata rigar ya kama wata.

Saura mako guda tsoro ya tashe ni. Na ƙarasa askaken ido rufe, ban ma sami kai ta wajen mabuga su buge ta ta yi sheƙi ba. Ranar ɗaurin aure da sassafe na ninke ta yadda take, na kama hanyar Gazara.

A zaure Malam Dogara ya zura ta, ya dubi ƙirjinsa, ya ce, "Madalla! Yaro, ka cika alkawari." Na ji kaina ya yi girma. Sai ya juya zai fita.

Jama'a, tambari na nan yadda na zana shi ranar farko. Tawada ce zalla, ko ɗigon zare babu.

Mai hankali da sai ya faɗi gaskiya nan take. Ni kuwa na leƙa waje na hango Habu cikin 'yan ɗaurin aure, sai na zaɓi in zama inuwar Malam Dogara. Ya yi gaba na bi shi, ya tsaya na tsaya, na baza hannuwan rigata kamar kaza ta rufe 'ya'yanta. Ya zauna a tabarma, na durƙusa dab da bayansa, har wani dattijo ya tambaya ko sabon bara ya yi. Ga rana ta take, ga Malam Dogara mutum ne mai jiki. Ina kallo gumi ya fara ratso rigar, tawadar ta soma narkewa tana gangarowa.

Aka shafa fatiha. Maroƙi ya miƙe, ya gama da ango ya dawo kan uban ango, daga nan ya sauka kan riga. Malam Dogara ya ji daɗi, ya tashi tsaye ya ce, "Ina maɗinkin? Fito gaba mutane su gan ka!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan ma ya isa."

Ya ce, "Haba, fito mana!" Ya jawo ni gabansa da hannu ɗaya, sannan ya buɗe hannuwa ya juya a hankali don kowa ya more kallo.

Baƙin ruwa ya zubo a bayan rigar tun daga kafaɗa har ƙugu, kamar an jingina Malam Dogara da gindin tukunya. Wani daga baya ya ce, "Ikon Allah, ta gaba ta biki ce, ta baya ta zaman makoki!" Wuri ya ɓarke da dariya. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Habu ne kaɗai bai yi dariya ba (da ya yi, da na fi samun sauƙi). Ya cire mayafinsa ya yafa wa Malam Dogara, ya ce, "Ranka ya daɗe, tawada ce, wanki ɗaya za ta fita. Gaban kuwa ni kaina ba zan iya irinsa ba." Malam Dogara bai ko dube ni ba, ya tambaye shi kwana nawa zai gama bayan. Habu ya lissafa da yatsu ya ce, "Takwas, ban da Laraba." Ranar da ya faɗa kuwa ranar ya kai.

Tun daga nan, ana kiran azahar nake soke allura a hula. Na gane mai yin kaɗan kullum ya huta, shi ke kai aiki ƙarshe, ni da na yi kwana ashirin ban ɗaga kai ba rabin riga na kai biki. Har fadamar nake bin Habu yanzu, kuma har gobe ina ganin rakensa ya fi nawa zaƙi. Shekara talatin ke nan ban sake makara da aikin kowa ba. Amma duk wanda ya zo karɓar riga a hannuna, kafin ya amsa gaisuwata, sai ya fara juya bayanta.