Zaman Dirshan a Ƙofar Kanti

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na jagoranci zanga-zanga a Doha ba, ni ne shugaba, ni ne kuma mabiya.

Matata Hajiya ta tafi Kano ganin gida, sai na nufi wani katafaren kanti kusa da unguwarmu ta Old Airport in sayo tukunyar lantarki (girkina ya kusa kai ni asibiti). A ƙofa mai gadi ya tare ni: yau ranar iyali ce, namiji shi kaɗai ba ya shiga. Shekara huɗu ina bi ta ƙofar nan da Hajiya a gefena, ban taɓa lura da leburorin da ake tsayarwa a rana ba sai da abin ya zo kaina.

Nan take tsohon ɗan ƙungiyar ɗalibai ya motsa a jikina. Na juya wajen leburorin, na zuba musu Turanci kan 'yancin ɗan Adam, na ce mu zauna nan har a buɗe mana. Na yi zaman dirshan a kan dutsen ƙofar. Jama'a, watan Agusta ne. Wallahi kamar na hau tanda. Na waiwaya in ga rundunata, ashe kowa ya kama gabansa, wani ma har da sassarfa.

Sai mai gadin ya durƙusa kusa da ni, ya yi mini Hausa tsantsa.

"Yallaɓai, don girman Allah tashi. Nan ba titi ba ne, wurin wani ne, shi ke cewa wa zai shiga. Ni kaina ranar hutuna ba a bari in shiga. Ga kyamara na kallonmu. Kai haƙuri za ka bayar ka koma ofis. Ni khalas, tawa ta ƙare, kafil, ubangidan da ya kawo ni ƙasar nan, zai sa ni a jirgi, ga 'ya'ya uku na bari a Funtuwa."

Kunya ta rufe ni. Mutumin da nake iƙirarin ƙwato wa 'yanci, ni zan raba shi da abincinsa. Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Shi ya kama ni ya ɗaga, ya kakkaɓe mini riga, mata da yara suna kallo.

Har gobe ban ga adalci a dokar nan ba. Amma yanzu kafin in ɗaga murya a ƙofar wani, sai na tambayi kaina wa za a kora saboda bakina. Yawanci ba ni ba ne.