Yadda Na Kashe Kakata Saboda Bulala Biyu

Ba zan taɓa iya mantawa da wata Alhamis ba, lokacin ina aji uku a makarantar elemantare ta garinmu Wurno, Turawa na nan daram ba su ko fara maganar tafiya ba. Na yi abubuwan kunya da dama a rayuwata, wasu ma da gemuna na yi su, amma babu wanda in na tuna har yau nake jin kunnuwana suna zafi kamar wannan.

Dokar makarantarmu ba ta da wuyar ganewa. Akwai wani guntun ƙarfe rataye a jikin tsamiyar bakin makaranta. In aka buga shi karo na farko, kowa ya shiga layi. In aka buga na biyu kana waje, ka makara ke nan, ladanka bulala biyu a tafin hannu. Fashi kuwa, wato ka ƙi zuwa gaba ɗaya, ba a yafe shi sai da ɗaya daga cikin uzuri uku: ciwo, ko mutuwa, ko ruwa ya cinye hanya da damina. Fashin kwana ɗaya bulala shida ne. Wanda kuma ya yi kwana uku a jere babu uzuri, to maganar ta wuce shi ta koma kan ubansa. Hedimasta zai rubuta suna ya aika fada, hakimi ya tashi dogari ya zo da uban yaro, ya durƙusa a gaban jama'a ya faɗi dalilin da ya sa ya hana ɗan makaranta zuwa. (A zamanin iyaye da yawa a rumbu suke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko, shi ya sa laifin yake faɗawa kan uba, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba.)

Hedimastanmu Malam Ladan ne, wani dogon mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba. Sai dai bai san wasa da rajista ba, don in Baturen makarantu ya zo daga Sakkwato ita yake fara buɗewa kafin ya ko zauna.

Babana kuwa manomin albasa ne, ba mai yawan magana ba, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, ba a taɓa kiransa fada kan wani laifi ba. Ranar da ya miƙa ni makaranta cewa ya yi, "Ni dai abu guda nika roƙo gare ka. Tun da anka haihe ni, dogari bai taɓa tsayawa ƙohwar gidana ba. Kak ka zama sanadi." Na ce to. Shekara biyu da rabi na riƙe wannan to ɗin, ko makara ban taɓa yi ba. Har girman kai ya shige ni, in ana dukan makararru ni ne mai leƙowa ta taga ina ƙirga musu.

To, ran wata Litinin sai na tsaya jiran ƙanzon ɗumame. Wannan shi ne dalilin, babu wani. Ina daidai marina na ji ƙarfe na biyu. Na tsaya cak. Ba zafin bulalar na ji tsoro ba, yaran da na saba yi wa dariya na tuna, yadda za su cika taga suna ƙirga mini. Ina cikin wannan tunani sai ga masunta sun wuce da homar kamun kifi da goruna, za su wani tabki a fadama da ruwansa ya ja baya. Na ce wa kaina bari in raka su in dawo da dabara. Na cusa allona a kogon wata bishiya, na bi su.

Dabara ba ta zo ba, amma kifi ya zo. Na wuni cikin taɓo, aka gasa mini tarwaɗa a bakin ruwa, da na ga rana ta kai lokacin tashi daga makaranta sai na wanke ƙafafu na ɗauko allo na koma gida da fuskar wanda ya gaji da karatu. Ran Talata na lissafa, bulala biyu ta zama shida, na ce wannan ai sai an shirya mata, na sake komawa tabki. Ran Laraba ko lissafin ban yi ba, ƙafafuna sun riga sun san hanya. Sai da yamma ina ba jakinmu ruwa na ƙirga kwanakin da yatsu, na ga uku cif. Nan na fara hango jar rigar dogari a ƙofar gidanmu.

Da safiyar Alhamis na riga kowa zuwa makaranta, ina tafe ina auna uzurin nan uku. Ciwo ba zai yiwu ba, kwana uku ina cin kifi har ƙyalli nake yi. Ruwa bai cinye hanya ba, rani ake yi, kuma gidanmu cikin gari yake. Saura mutuwa. Sai na shiga zaɓen wanda zan kashe. Duk wanda ke cikin Wurno in ya mutu gari zai sani, don haka na tsallaka can Taloka ta ƙasar Goronyo, na ɗauko kakata ta wajen uwa, Inna Ige. Tsohuwa ce, tana da nisa, rabonta da Wurno an fi shekara. (Na tuna har yaba wa kaina na yi a kan wannan zaɓi.)

Da aka zo kiran suna Malam Ladan ya ɗago kai ya dube ni. "Ina kash shiga kwana ukku?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, kakata ta tar rasu Taloka, munka tai da innata."

Ya ajiye alƙalami ya yi salati. Ya tambayi sunanta, na faɗa. Ya sa duk ajin suka ɗaga hannu aka yi mata addu'a, sannan ya rubuta uzuri a gaban kwanakin nan uku da kyakkyawan rubutunsa. Ranar aka ɗauke mini shara. Yaran da nake ƙirga wa bulala suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ce mini ya haƙuri, wani har da ba ni ƙuliƙulinsa. Abin ya ratsa ni sosai, sai ga ni da hawaye na gaske. Ban san ko ita nake yi wa kuka ba ko kaina.

Na tashi makaranta ina jin kaina sakayau. Ina isa gida na ga baƙon jaki ɗaure a ƙofa. Ban kawo komai a raina ba sai da na shiga soro na jiyo wata murya daga tsakar gida tana faɗan an cika wa fura ruwa. Murya ɗaya ce a duniya take wannan faɗan.

Inna Ige ce zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ƙura ba ta ko gama barin zanenta ba. Ta biyo fataken albasa ne ta zo ganin 'yarta, ba aike ba sanarwa. Da ta gan ni ta washe baki. "Ga maigidana ɗan boko. Mi as same ka kaka kallona awa ka ga fatalwa? Taho ka gaishe da matarka."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ba ni gyaɗa da ta ƙullo mini a bakin zane, na karɓa na kasa ci. Daga baya na lallashi kaina, na ce ai tsohuwa ce, cikin gida za ta zauna, Malam kuma me zai kawo shi unguwarmu? Abin da wayona bai hango ba, kuma yaron goye ma ya sani, shi ne a ƙasarmu babu mai jin mutuwa ya zauna a gida. Sai ya taka ya je ya yi gaisuwa.

Ana idar da sallar la'asar aka yi sallama. Babana yana soro yana tufkar igiya. Na leƙa, sai ga Malam Ladan da sauran malamanmu biyu, kowa cikin babbar riga. Baba ya tashi da sauri ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ƙwala mini kira in kawo ruwa. Na so in tsallake katanga, amma ƙafafun da suka kai ni tabki kwana uku ranar sun ƙi. Na ɗauko ƙwarya na fito.

Aka gaisa, aka tambayi gida da gona. Sai Malam ya gyara zama ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a. Baba bai san ta mece ce ba, amma ba a katse addu'a, don haka shi ma ya ɗaga nasa yana cewa amin. Malam ya roƙa mata gafara, ya roƙa mata hasken kabari, Baba yana amin. Aka shafa.

"Ya haƙuri?" in ji Malam. "Yau da sahe munka ji. Allah shi jiƙanta."

Baba ya ce, "Amin. Malam, ka gahwarce ni, wa yar rasu?"

"Surukarka ta Taloka mana. Yaro ya ce ran Litinin."

Baba ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙwaryar da ke hannuna.

Ita kuwa Inna Ige, kunnenta ba ya jin kiran a zo a taya aiki, amma ya ji an ambaci Taloka. Sai ga ta ta ɗaga asabarin ƙofar soro, hankalinta a tashe. "Wa yar rasu Taloka? Jiya nib baro garin kowa lahiya lau."

Malam ya rusuna ya gaishe ta, ya ce cikin tausasawa, "Inna, wata tsohuwa ta, Ige sunanta, kakar wanga yaro."

"Ige wace? Ige guda ta Taloka, kuma ni ta."

Ƙaramin malaminmu ya cusa fuska cikin hannun riga yana wani tari da kowa ya san ba tari ba ne. Inna Ige ta dubi malamai, ta dubi Baba, ta dube ni da ƙwaryata, sai ta gane. Ta riƙe haɓa.

"Ashe kai kak kashe ni, maigida? To ka dai yi mani sutura ta kirki?" Ta juya wajen Malam. "Addu'ar da kunka yi kak ku maishe ta. Ku bar mani abata, tana da rana."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Malam bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni inda na je, na faɗa duka, tun daga ƙanzo har tarwaɗa. Ya jinjina kai. Sannan ya ce wa Baba, da nauyin baki, shi ba yadda zai yi, uzurin da ya rubuta dole ya soke shi, kwana uku kuma sun cika, suna zai tafi fada.

Baba ya ce, "Gaskiya ta, Malam. Amma kak ka wahal da dogari. Ni ka zuwa da ƙahwata."

Na jira duka da yammar nan, bai zo ba. Washegari Juma'a da hantsi Baba ya sa farar rigarsa ta Salla, ya ce in biyo shi. Muka ratsa gari. Labari ya riga mu isa ko'ina, mata suna leƙe ta kan darni suna nuna ni. A ƙofar fada ya tuɓe takalma, ya shiga ya durƙusa a kan ƙasa a gaban hakimi da fadawa, ba tare da kowa ya kira shi ba. Ya ce ɗansa ya yi fashin kwana uku, shi bai sani ba, kuma rashin sanin laifinsa ne. Fadawa suna ƙunshe dariya, wani daga baya ya tambaya ko mamaciyar ta tashi lafiya. Hakimi ya yi masa faɗa daidai gwargwado, ya ce ya riƙa sa ido a kan gidansa. Baba ya ce, "Na ji, ranka shi daɗe." Ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa, na ji na tsani kaina.

A hanyar komawa ya gaisa da duk wanda muka haɗu da shi kamar ba abin da ya faru. Da muka iso ƙofar gida na lura jar ƙasa ta yi shati biyu a rigarsa, daidai gwiwoyi. Na sunkuya zan kaɗe masa. Ya riƙe hannuna.

"Bar shi," ya ce. "Dube shi da kyau tukun."

Na duba. Har yau ina ganinsa.

Ran Asabar Malam Ladan ya biya ni haƙƙina na bulala gaba ɗaya a gaban layi, yara kuma suka ƙirga mini da murya ɗaya, ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba. Inna Ige ta yi wata guda a gidanmu, duk baƙon da ya shigo sai ta ce masa ya matso ya gaishe da marigayiya.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka makara, ka shiga a makare ka miƙa hannu. In kuma shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi ƙarya, to kada ka yi irin wadda mutanen kirki za su sa manyan riguna su biyo ka har gida saboda ita.