Yadda Lawandi Ya Tashi Aiki Ƙarfe Biyar

Da sunan Mai kowa Mai komai za mu tsakuro tarihin gagarabadau Lawandi ɗan Habu, jikan Barmo wanda aka ce ya taɓa kallon kura ido cikin ido, ko da yake ta cikin keji ce. Lawandi kuwa, dodon takardu, gwanin "to, ranka ya daɗe", shekara tara ya yi a hawa na bakwai na wani katafaren kamfanin sadarwa bai taɓa cewa a'a ba.

A wannan daula, takarda ta ce a tashi ƙarfe biyar, amma al'ada ta ce ba mai motsawa sai Manaja Tukur ya fita. Don haka bayin Allah arba'in sukan zauna har magariba ta wuce, suna danna kwamfuta ba gaira ba dalili, kowa na satar kallon ƙofar ofishinsa yana jiran a kashe fitilar ciki.

Ran wata Laraba, matarsa Uwani ta tsare shi a bakin ƙofa. "Baban Yasira, yau biyar da rabi za a ba 'yarka kyauta a makaranta. Sau uku kana cewa aiki. Bara da kuka ta dawo."

Biyar na bugawa, sai jinin Barmo ya motsa. Sadauki ya kashe kwamfuta, ya yi tawakkali, ya rungumi jakarsa tamkar garkuwa, ya miƙe da azama irin ta mazan jiya. Ofis ya yi tsit. Kande, abokiyar aikinsa, ta dafe ƙirji. "Lawandi, ba ka da lafiya ne?"

"Yau ko ni ko shi!" in ji namijin duniya, da muryar da Kande kaɗai ta ji.

Ya keta sahun tebura, ya tsallake wayoyin lantarki, ya ratsa ta gaban na'urar ruwan sanyi inda aka sha cin mutuncin mazaje, har ya isa ƙofar da ko kuturu ba ya bugawa da ƙarfi. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya tura.

Ba kowa sai Iya Talatu mai shara, tana goge tebur.

"Manaja kake nema? Ai tun Litinin yana Legas. Ni nake kunna fitilar."

Lawandi ya isa makaranta ana tafi, ya ga Yasira ta karɓi bokitin roba da sabulu biyu. Ta hango shi, ta ɗaga bokitin sama tana tsalle, shi kuma ya share ƙwalla da hular kansa.

Sai dai marubuta tarihi sun tabbatar cewa kafin a watse, gwarzon ya laɓe bayan wata bishiya ya aika wa Manaja saƙo: "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, cikina ne ya ɓaci."

Har yau ba a ba shi amsa ba.