Mista Kangwa da Daktar da Ya Ƙirƙira

Duk Lusaka babu mai farauto wa kamfanoni ma'aikata kamar Mista Chilufya Kangwa. Shi ya faɗa, kuma wa zai fi shi sani? A ofishinsu na Titin Kairo ana kiransa Shaho. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, ya bi mutane tebur-tebur har ya bi bakinsu.

Gaskiya kuwa gadonsa ce. Da hannunsa ya rubuta dokar ofis, ya sa ta a gilashi ya rataye: duk wanda ya nemi ma'aikaci da sunan ƙarya, ranar zai kwashe kayansa.

"Mutunci, 'yan'uwa," yakan ce yana murza lomar nshima, tuwon masarar ƙasar. "Ni ko a mafarki da sunana nake yawo."

Matsala ɗaya ce. Injiniyoyin ma'adinai na garin Kitwe sun daina ɗaga wayarsa, don idan ya kira mutum zai ba shi aiki, sai ya yi rabin awa yana ba da tarihin kansa. Da hanya ta toshe, Shaho ya ɗauki hoton wata mata mai tabarau daga kalandar shagon magani, ya buɗe mata shafi a intanet, ya sa mata suna Dakta Mutinta Hamoonga, ƙwararriya mazauniyar Kanada.

Da yake Dakta ba ta da tarihin da za ta bayar, sai ta riƙa tambaya tana sauraro. Injiniyoyi suka yi ta zuwa kamar ƙuda ya ga mangwaro. A ofis Kangwa ya ce tsohuwar ɗalibarsa ce take taya shi. Har takardar yabo ya rubuta mata, shafi uku, biyu da rabi a kan malaminta.

Ranar Alhamis shugabar ofis, Madam Namakau, ta kira shi.

"Mista Kangwa, kujera ɗaya ta rage a sashenka, wadda kake kai. Kamfanonin sun ce Dakta suke so. Ka ce mata ta fara ranar Litinin."

"Madam, yarinyar nan fa ba ta nuna ba. Ni na san ta ciki da bai."

"Shafi uku ka rubuta."

Ya ɗaga kai, ya yi ido huɗu da dokarsa a bango. In ya ce babu wata Dakta, ya kori kansa. In ya yi shiru, Dakta ta kore shi. Gaba kura, baya sayaki, kuma dukansu shi ya yi kiwonsu.

Amma Shaho ba ya rasa dabara. Ya koma teburinsa, taku goma daga ofishin Madam, ya rubuta mata saƙo da sunan Dakta: ba za ta iya zama a kujerar gwarzo irin Mista Kangwa ba, hasken Afirka, uban masu gaskiya. Ya aika, ya gyara wuyan riga yana jiran a zo ba shi haƙuri.

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo.

"Kina da kirki, Dakta. Amma da kin taɓa wuni ɗaki ɗaya da shi, da ba ki faɗi haka ba. Sai Litinin."