Tambaya ta Ashirin ta Malam Kundi

Allah ya yi wa kowace ƙasa rabonta. Wata ya ba ta ma'adinai, wata teku, wannan kuwa ya ba ta Malam Kundi, mataimakin shugaban makarantar sakandare, mutumin da ya naɗe ƙasa kacokan ya zuba a cikin kansa. Ka tambaye shi tsawon babban kogi, ya faɗa maka har da ɗigo. Kada ka tambaye shi, zai faɗa maka duk da haka. Likitan haƙori ma sai da ya roƙe shi ya yi shiru, don a samu hanyar shiga bakin.

Shi ne mai tambaya a Gasar Sanin Ƙasa, wadda makarantu shida ke karawa a cikinta duk shekara. Shi ne kuma alƙali, shi ne mai ba da maki, in ka ɗaukaka ƙara ma gabansa za ka dawo. Makaminsa wani littafi ne mai baƙin bango da ya cika da hannunsa shekara ashirin da biyar da suka wuce. Tun daga lokacin ƙasa ta yi ta sauye-sauyenta, an yi hanyoyi, an raba larduna, amma littafin bai ga dalilin da zai sa ya bi ta ba. Dattijon littafi ne, ba ya rawar kai.

Bana sai ga labari mai daɗi. Gidan rediyo zai riƙa watsa gasar duk Asabar, kuma za su turo wata mata ta zo ta duba wanda ya dace ya gabatar. Makarantar da ta ci ita za ta buɗe shirin. Malam Kundi ya ji, ya yi murmushi, ya ce ai neman wanda ya dace ɓata man mota ne kawai. Ya ɗinko sabuwar riga. Matarsa ta ce, "Malam, ai a rediyo ba a ganin riga."

"Ke dai ba ki san aikin ba," in ji shi. "Murya tana sanin abin da mai ita ya saka."

Saura mako uku ya zagaya makarantun da jawabinsa na kowace shekara. "Ku yi bincike, 'ya'yana! Ku shiga ɗakin karatu! Ku tono tsofaffin jaridu! Ku durƙusa gaban tsofaffi ku tambaye su! Wanda bai san ƙasarsa ba baƙo ne a ɗakin uwarsa!" Jawabi ne mai kyau, kuma kyawunsa shi ne ba wanda ya taɓa aiki da shi. Yara sun san hanya: a nemo yayyen da suka yi gasar bara, a haddace amsoshin baƙin littafi, shi ke nan.

Sai dai ana wata ga wata. A ƙaramar makarantar bayan kasuwa akwai wata 'yar tela, 'yar firit, mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ita wannan baiwar Allah ba ta san ana yin jawabi don daɗin baki ba. An ce a yi bincike, sai ta ja ƙawayenta biyu suka yi bincike. Tabɗi!

Ranar gasa zauren ya cika maƙil. Fankar sama tana juyawa don sauke nauyi, lasifika tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, wani malami yana gaban allo da alli. Matar gidan rediyo ta zauna a gaba da ɗan littafinta. Malam Kundi ya ce zai yi gajeren jawabi, ya yi na minti arba'in.

"Ni ba na yabon kaina," in ji shi, "domin yabon kai jahilci ne. Amma da za a rasa taswirar ƙasar nan yau, a kawo mini takarda da biro kawai."

Matar ta rubuta wani abu. Ya leƙa da wutsiyar ido, zuciyarsa ta yi fari tas. An fara rubuta tarihi ke nan.

Gasa ta yi zafi, makarantu huɗu suka zube, aka bar makarantar Malam Kundi da ta bayan kasuwa. A tambaya ta sha huɗu ya gyara murya ya ce, "Gada nawa ce a kan babban kogi?"

"Huɗu," in ji 'yar tela.

"Kuskure! Uku!"

"Malam, ta huɗun ita ce ta kusa da tasha. An buɗe ta shekara tara ke nan."

Zaure ya ɗauki guna-guni, don rabin mutanen ta kanta suka biyo da safen nan. Shi kansa Malam ta kanta yake tuƙo babur ɗinsa, sau biyu a rana, shekara tara. Amma babban mutum ba ya duba abin da ke ƙarƙashin tayarsa. Ya ɗaga littafin sama ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Uku aka rubuta. A cire mata maki biyu na gardama."

Matar rediyo ta sake rubutu, har da jan layi. Malam ya ce a ransa, ta ga tarbiyya.

Aka zo tambaya ta ashirin, maki goma, ga shi makarantar Malam na gaba da maki huɗu kawai. Wannan tambayar ita ce 'yar lelen Malam, da ita yake rufe gasa duk shekara, kuma ko ɗan aji ɗaya ya san amsarta: ka nuna shi da hannu biyu ka ce, "Kai ne, ranka ya daɗe." Ya gyara wuyan riga, ya juya ɓangaren da ya fi masa kyau wajen baƙuwa.

"Wane gwarzo ne, wane haziƙi ne, wane ɗan kishin ƙasa ne ya kafa wannan gasa?"

Layin makarantar bayan kasuwa ne. Malamarsu ta sunkuyo tana raɗa wa 'yar tela: "Don girman Allah ki ce shi ne, mu tafi rediyo." 'Yar tela ta miƙe, duk da ita ma tana son rediyon nan kamar ta mutu. Ta tura gilashi sama da yatsa.

"Wata malamar labarin ƙasa ce, Malam. Ta yi ritaya tuntuni. Mun gani a tsohuwar jarida a ɗakin karatu, kamar yadda ka ce mu duba. Sai muka je gidanta muka durƙusa muka tambaye ta, kamar yadda ka ce. Ga ta can ma, ta ce sai ta zo kallo."

Wayyo! Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Daga bencin ƙarshe wata tsohuwa ta miƙe da sandarta, ta ƙanƙance ido, ta ƙare wa sabuwar riga kallo, sai fuskarta ta washe da murna ta tsakani da Allah.

"La! Ɗan ƙararrawata ne? Kai, ɗan nan, ka yi ƙiba!"

Kafin Malam ya haɗiye yawu, hoton jaridar da 'yan matan suka kwafo ya fara yawo hannu zuwa hannu. Ga malamar a tsakiya tana yanka ƙyalle. Can a gefe, rabin kafaɗarsa ma ba ta shiga hoton ba, ga wani siririn saurayi ya rungume ƙararrawar hannu. A ƙasa an rubuta: sabon malami, mai kula da lokaci.

"Yaron kirki ne wallahi," in ji tsohuwar, tana faɗa wa zaure duka. "Ba ya cin tambaya ko ɗaya in muna gwaji, amma wajen kaɗa ƙararrawa ba a kai shi ba."

Zaure ya tarwatse. Yara na bubbuga benci, shugaban makaranta ya cusa fuska cikin hankici wai tari ya sarƙe shi, malamin allo kuwa bai jira umarnin kowa ba ya zana goma ƙatuwa a gaban makarantar bayan kasuwa. Malam Kundi ya buɗe baki zai yi bayani, lasifika ta riga shi da kukanta, kuma a gaskiya ta fi shi hujja.

Matar rediyo ta rufe littafinta tana share hawayen dariya. Ta ce tsohuwa ce za ta yi alƙalanci, ita da kanta za ta karanta tambayoyi, 'yar tela da ƙawayenta su buɗe shiri. Sannan ta juyo da ladabi.

"Malam, saura gurbi ɗaya. Muna neman mai kula da lokaci, kuma ga shi an yi maka kyakkyawar shaida."

To, mai son shiga rediyo ai ba ya zaɓen ƙofa. Yanzu duk Asabar ƙasa baki ɗaya tana jin Malam Kundi, sau ashirin a kowane shiri: ƙililin! Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, tunda ya fara bai taɓa ba da amsar kuskure ba.